Kurciyar da Ke Zama Ƙarfe Biyu

Ganka maƙwabciyata ce ta fara faɗa mini, ta saman shinge, ina tsugune ina gasa jan barkonon da za mu zuba a kwalabe kafin sanyi.

"Todorka, kin san sana'ar saurayin jikarki kuwa? Caca! Karta a kwamfuta, wai foka. Uwarsa ce ta faɗa wa mai sayar da cuku."

Na ce, "Ke dai Ganka, ko gidan rediyo ya fi ki hutawa."

Na yi dariya, amma maganar ta tsaya mini a ƙirji. Rumyana ita kaɗai ce jikata. Uwarta Nevena ta rasu shekara uku da suka wuce, ta bar mu mu uku a gidan: ni, da yarinyar, da ubanta, ɗana Zahari mai shagon facin taya a bakin hanyar Burgas. Kafin yamma kuwa labarin ya kai kunnen Zahari. Ya shigo ko hannu bai wanke ba.

"Ɗan caca ba zai auri 'yata ba! Ba a gidan nan ba!"

"Baba, ka saurare shi mana, ko sau ɗaya..."

"Na gama magana!"

Wata huɗu yarinyar nan tana kuka a kan kwanukan wanke-wanke. Tihomir, saurayin kenan, ya ce su tafi Sofiya babban birni a ɗaura musu aure a ofis, ta ƙi. Ta ce masa, "Babana ya riga ya rasa mace ɗaya. Ba zan fita ta bayan idonsa ba." Da na ji haka sai na ce to, aikin ya zama nawa. Na tare Zahari a ƙofa.

"Ran Lahadi yaron zai zo cin abincin rana. Gidan nan ni na riga ka shiga. In ba ka so, je ka ci tayoyinka."

Tihomir ya zo da furanni bakwai, da riga mai guga, yana ta gumi. Yaro ne mai ladabi, ba zan ɓoye ba. Na zuba miyar wake, na yanka banitsa, gurasarmu mai cuku, da zafinta. Zahari bai ɗaga kai daga kwano ba.

"Kawu Zahari, ni ba sa'a nake bi ba," in ji yaron. "Aiki ne, lissafi ne. Rabin aikin ma zaɓen shafin intanet ne. Manyan shafukan duniya cike suke da ƙwararru, can wahala kawai za ka sha. Sai ka nemi ƙaramin shafi na gida, irin wanda ake tallarsa lokacin ƙwallo, inda direbobi da masu shago ke shiga bayan sun ci abinci. Ka tsaya ka duba teburan. Wa ke shiga kowane zagaye? Wa ba ya iya ajiye karta ko ta lalace? Mu kifi muke ce musu. Sai in sa masa alama, da ya shigo kwamfuta ta buga mini ƙararrawa."

Na ce, "To ɗan nan, su kifin 'ya'yan waye?"

Ya yi dariya. "Haba Kaka, ai ba a ganin fuska. Suna ne kawai a allo."

Rumyana ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, na gani. Amma yaro in ya ga kamar ana sauraronsa, ba ya jin taku.

"Akwai wata tsohuwa, ina jin tsohuwa ce, tun bara nake zama da ita. Ƙarfe biyu daidai take shigowa, ƙarfe huɗu daidai ta tashi, ban da Lahadi. Abin dariyar, in aka raba mata kartar sarauniya mai jar zuciya, ba ta taɓa yar da ita. Ko da wace banzar karta aka haɗa ta, sai ta bi ta har ƙarshe! Na rantse, rabin motar nan da ke waje daga hannunta ta fito. Gugutka67, Allah ya ja kwananta!"

Cokalin Rumyana ya faɗi ƙasa.

Gugutka kurciya ce, irin mai kuka a kan waya da safe. Duk duniya mutum ɗaya ne aka taɓa kira da wannan sunan a gidanmu, kuma baki ɗaya ne ke kiransa, bakin Zahari in zai kira matarsa. A shekarar sittin da bakwai aka haifi Nevena. Ƙarfe biyu Zahari yake rufe shago ya zo su ci abinci tare, ƙarfe huɗu ya koma, shekara ashirin da biyar. Tunda ta rasu ya daina zuwa, wai barci yake yi a shago. Bara kuma ya sayar da 'yar gonar inabin da ta bari wa Rumyana, wai bayansa ba ya iya noma.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan lissafin na iya shi.

"Baba?" in ji Rumyana, muryarta kamar ta 'yar shekara biyar. "Kai ne?"

Zahari ya rufe fuska da manyan hannayen nan nasa baƙaƙe. Ban ga kukansa ba tun ranar jana'iza.

"Awa biyun nan ne," ya ce. "Ba na iya zuwa in ga kujerarta. Ba na iya zama shiru a shago. Da na ga sarauniyar nan a allo... yaya zan yi in jefar da ita?"

Tihomir ya yi fari fat. Ya tashi ya fita, muka ji shi yana amai a gindin bishiyar goro ta tsakar gida. Da ya dawo sai ya ajiye makullin mota gaban Zahari.

"Ɗauke abinka," in ji Zahari. "Ba sata ka yi ba, ni na miƙa maka."

"Da na san kai ne, Kawu..."

Nan na buga tebur, har kofuna suka yi tsalle.

"Da ka san shi ne! Su sauran fa, daga rami suka fito? Kowane kifi naka yana da uwa irina, yana da kujerar da ba ya son kallo! Kai kuma Zahari, ƙaton banza, wata huɗu kana sa yarinya kuka a kan laifin da kake yi kullum bayan azahar. Ba yaron nan ka tsana ba, madubi ka tsana!"

Ganka kuwa, na san tana maƙale a shinge tana jin komai.

Rumyana ce ta share hawaye ta miƙe. "Akwai ofishin gwamnati a Burgas da mutum ke rubuta sunansa da hannunsa, a hana shi shiga kowane shafin caca. Gobe ku je, ku biyun, a mota ɗaya. Tihomir, ina son ka, amma ba zan ci burodin da aka ciro daga bakin mai rauni ba. Baba, ƙarfe biyu kuma a gida za ka riƙa yin ta. Ni zan zauna a kujerar Mama."

Tihomir ya ce, "To in na bari, me zan yi? Lissafi kawai na iya."

Zahari ya ja majina, ya dube shi sama da ƙasa. "Ka iya cire taya?"

"A'a."

"Da waɗannan hannayen na 'yan mata? Allah ya taimake ni. Ƙarfe bakwai nake buɗewa."

Rumyana ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Ni kuwa sai na ji kamar an sauke mini buhun dankali daga ka. Na ƙara wa kowa banitsa, duk da ta huce.

An yi bikin shekara guda bayan nan, da aka gama yankan inabi. Motar an sayar, wanda ya sayi gonar ya yarda ya mayar da rabinta na gangare. Yanzu ƙarfe biyu mu huɗu ne a tebur, maza biyu suna gardama a kan taya. 'Yan mata, ku ji daga bakin tsohuwa: wanda yake neman mai rauni don ya ci, wata rana zai ɗaga kai ya ga na gidansu ne. Wadda ta yi haƙuri ta ƙi fita ta taga kuwa, ta ƙofa za a raka ta.

Amma ni abin da na fi tunawa shi ne washegarin wannan Lahadin. Na tashi da wuri, na cika tsohuwar butar tagulla da ruwa, na tsaya a ƙofa. Da suka fito za su Burgas, kowa yana kallon takalminsa, sai na watsa ruwan a gabansu kamar yadda na yi wa Zahari ranar da ya fara makaranta, don a al'adarmu haka ake yi tafiya ta yi sauƙi kamar gudun ruwa. Suka taka suka wuce. Na jira har motar ta sha kwana, sannan na jawo kujerar Nevena daga lungu, na goge mata ƙura, na sa ta a tebur.