Mai Sharar Matakalar Fada

Ƙarar zubar murafan kwalba ce ta tsayar da Imke cak!

Ta san wannan ƙarar. Duk wanda ya tashi a garin Eichenrode ya san ta. Idan namiji ya cika shekara talatin ba aure, abokansa kan zazzage buhun murafai a matakalar tsohuwar fadar dutsen da ke saman gari, su miƙa masa tsintsiya. Yana shara suna sake watsawa, har sai wata budurwa ta fito gaban jama'a ta sumbace shi ta 'yanta shi.

Ba ta so ɗaga kai ba... amma ta ɗaga.

Malte ne!

Sun sanya masa wata tsohuwar kwat ta kakanni da doguwar hula baƙa. Zufa ta jiƙe masa wuya, mutane sun kewaye shi suna ihu da tafi.



Yau ce ranar haihuwarsa, ita kuma ta manta. Ofishinsu na Hamburg ne ya shirya musu yawon ganin fadar, aka ce ai ita 'yar garin ce, ta yi musu jagora. Ta yi ta kawo uzuri har ta gaji ta biyo su, ko sau ɗaya ba ta tuna kwanan wata ba.

Da ta aure shi, da yau ba ya riƙe da tsintsiyar nan.

Shekara biyu ke nan da ta gudu, ana saura mako guda bikinsu. Ta cire zoben ta ajiye a kan teburin kicin ɗinsa, ta hau jirgin ƙasa. Ko sallama babu.

"Tabɗi! Yau ga babbar baƙuwa."

Imke ta waiga. Silke ce, mai tsaron kanti a gidan burodin su Malte. Ta sha jan baki har yana ƙyalli.

"Sannu Silke..."

"Riƙe sannunki. Kallo kika zo? To kalla daga nesa, don na riga na faɗa wa 'yan matan garin nan kaf, kuncin nan nawa ne yau. Kin ajiye, mun ɗauka!"

Imke ta kau da kai.

Wani ya dafa kafaɗarta, ta juya ta ga Hauke, aminin Malte, rungume da wani sabon buhun murafai.

"Ke! Ashe kina raye?"

"Hauke, tun yaushe yake wannan sharar?"

"Tun safe. Mu kanmu mun gaji, giyar ma ta ƙare." Ya rage murya yana hararar Silke. "Waccan ta hau don ta sumbace shi ya fi a ƙirga. Da ta matso sai gogan ya duƙa, wai ya hango murfi a lungu. Taurin kai kamar jaki!"

Hawaye suka cika idon Imke.

Ba ta san lokacin da ta yar da jakarta ta kutsa cikin mutane ba. Ta hau matakalar, ta durƙusa a bayansa, ta shiga tsince murafan da hannu tana tarawa a gaban rigarta.

Wurin ya kaure da ihu.

"Taimako! An taimake shi!"

"Hauke, zuba masa!"

Wayyo! Sai a lokacin ta tuna. Ba a taya mai shara. Duk wanda aka taya, sabon buhu ake ƙara masa.

Hauke ya ɗaga kafaɗa, alamar ba laifinsa, ya zazzage buhun gaba ɗaya. Murafai suka yi ta gangarowa suna ƙara, suka rufe duk inda Malte ya share.

Malte ya juyo a hankali.

Idonsa ya sauka a kanta... ya daɗe bai ƙifta ba.

"Imke."

"Na'am..."

"Ko yau ma sai da kika ƙara mini aiki?"

Jama'a suka kwashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba.

"Ka yi haƙuri, Malte, na manta dokar ne..."

"Ai kin iya mantuwa."

Maganar ta soke ta har cikin ƙirji. Murafan da ta tara suka zube daga rigarta.

"Sauko daga nan!"

Muryar Gesa ce, mahaifiyarsa. Ta taso daga teburin da ta jera kek da kofi, ko gyauton aikinta ba ta cire ba.

"Mama, don Allah..."

"Ni ba mamarki ba ce! Tun ranar da ya kawo ki na ce masa yarinyar nan idonta na kan hanyar tasha. Ya ƙi ji. Ni na bi gida-gida ina cewa an fasa biki. Ni na ga yaron nan yana kwaɓa fulawa yana share ido da hannun riga. Yanzu kin kwaso baƙi kin zo ki nuna musu shi?"

"Ba haka ba ne..."

"To yaya ne?"

Imke ta dubi abokan aikinta da suka yi cirko-cirko da wayoyi a hannu, ta dubi mutanen garin da suka san ta tun tana rarrafe. Ba wajen ɓuya.

"Tsoro na ji," ta ce. "Na ga kamar idan na shiga gidan burodin nan, shi ke nan, a nan zan tsufa. Maimakon in faɗa masa sai na gudu. Ba abin da ya yi mini, Mama. Ko ɗaya! Ni ce mai laifi."

"Kuma kin samu abin da kika je nema?" Malte ya tambaya, yana jingine da tsintsiyar.

"Na samu aiki. Na samu ɗaki mai kallon ruwa." Ta ɗago ta dube shi. "Amma ko ƙamshin burodi na ji a titi sai na canja hanya..."

Silke ta ga abin na neman ƙwace mata. Ta haye matakalar da sauri, takalminta na taka murafai.

"Haba Malte, masoyi, rana ta yi. Kawo kuncin a gama wannan wasan kwaikwayon!"

Ta miƙa wuya. Malte ya ɗaga tsintsiyar ya gitta a tsakaninsu.

"Silke, ke mutuniyar kirki ce a kanti. Mu bar shi a nan."

Wani dattijo ya fashe da dariya har da tari. Silke ta juya fuu, ta bi ta cikin mutane tana ture su.



Imke ta miƙe tsaye, gwiwoyinta duk ƙura.

"Ka yarda in 'yanta ka?"

"Jirginku ƙarfe nawa zai tashi?"

"Da yamma."

"To ki bar ni da sharata. Ban son sumbar da za ta hau jirgi da yamma."

Ta juya ta dubi abokan aikinta.

"Ku shiga fadar, akwai mai zagayawa da baƙi a ciki. Idan kun gama ku tafi... ba da ni ba."

"Aikin naki fa?" in ji Malte.

"Jirgi na zuwa Hamburg kullum, yana kuma dawowa. Sai dai in riƙa sammako. Wannan karon zama za mu yi mu yi magana, ko da faɗa ne."

"Faɗa kam akwai shi. Ban huce ba, Imke."

"Na sani."

"Ba kuma yau zan huce ba."

"Zan jira..."

Can Malte ya cire doguwar hular, ya sunkuyo ya juyo mata da kuncinsa.

"Yi sauri, 'yar tsuntsuwata, bayana ya ƙage."

Ta sumbace shi, hawayenta na gauraya da zufarsa.

Ihu ya tashi har tattabarun saman fadar suka watse. Hauke ya jefa buhun sama yana tsalle.

"An 'yanta tuzuru! An 'yanta tuzuru!"

Gesa kaɗai ce ba ta yi tafi ba. Ta hau matakalar a hankali, ta zare tsintsiyar daga hannun ɗanta. Imke ta sunkuyar da kai tana jiran ko me zai biyo baya.

Sai ta ji an danƙa mata tsintsiyar a hannu.

"Ɗana ya gama tasa sharar," Gesa ta ce. "Wannan buhun ke kika jawo shi. Ki share tas, kada in ga murfi ko ɗaya."

"To, Mama."

Gesa ta buɗe baki kamar za ta gyara mata kiran... sai ta rufe. Ta sauka, ta yanka kek, ta kife kwano a kai ta tura gefe.

"Kada wanda ya taɓa wannan," ta ce wa Hauke. "Na mai shara ne."