Suɗaɗɗiyar Tayar Baba

Akwai wata yarinya mai son zuwa gidan kakarta kamar me. Babanta yana kiranta Uwata. Duk ranar da babu makaranta, ita ke wanke masa tayoyin mota.

Wata safiya suna shirin tafiya gidan Kaka, tana cikin wanki sai ta lura da tayar baya. Zanenta duk ya goge, ta yi sumul kamar faranti. A gefe kuma wata 'yar waya ta leƙo.

Ta san halin Baba sarai. In ya gani, an fasa tafiya ke nan. Sai ta jingina bokiti a jikin tayar don kada ya gani.

"Uwata, tayoyin lafiya dai ko?" in ji Baba.

"Lafiya lau, Baba."

Sun yi nisa sai aka fara ruwa. Baba ya taka birki a wata kwana, amma motar ta ƙi tsayawa. Ta zame sululu, ta faɗa gefen titi. Ƙanenta da ke cikin motar ya ƙume goshi da kujera, ya fasa kuka.

Ganin ƙulun da ya fito masa, ita ma ta fashe da kuka.

"Baba, ni na jawo. Na ga tayar ta suɗe, na ɓoye don kada a fasa zuwa."

Baba ya ce, "Kin yi kuskure, Uwata. Ni ma na yi, da ban duƙa na duba da kaina ba."

Ya sa tayar ko-ta-kwana, suka lallaɓa zuwa shagon mai taya. Kafin a ɗaura sabuwa, Baba ya kama yatsanta ya sa a cikin zanen.

"Kin ji zurfi? Ta nan ruwa ke wucewa, taya ta kama titi. In zanen ya goge, ko ta kumbura, ko ta tsattsage, aikinta ya ƙare."

Da yamma suka isa. Kaka ta duba goshin yaron, ta harari jikarta.

"Ƙawata, da kin faɗa, ai jira kawai zan yi. Ina zan je da wannan ƙafar tawa?"

Kowa ya yi dariya, har mai ƙulu.

Tun daga ranar ta gane cewa wanda ya ga haɗari, bai kamata ya ɓoye ba. Gara a makara a isa lafiya.