Takalman Tauraron Gabas

Ranar Laraba da hantsi, a shekarar da za a ba da mulkin kai, Alhaji Jalo ya faɗo caji ofis na Bauchi ko sallama babu, hularsa a karkace. Bayansa samari ne riƙe da wani mutum da suka yayyaga wa taguwa.

"Sufeto, an gama da mu," in ji Alhaji. "An kwashe takalman."

Sufeto Mika'ilu bai tambayi waɗanne takalma ba. A Bauchin wannan shekara, ko tsohuwa mai sayar da daddawa ta san takalman Tauraron Gabas.

Tauraron Gabas ƙungiyar ƙwallo ce da samarin gari suka kafa bayan yaƙi, a wani fako bayan ganuwa wajen Ƙofar Wunti, da tamaular tsumma, da duwatsu a madadin raga. Mika'ilu shi ne golansu na farko kafin ya shiga ɗan sanda, har yau ma wasu Gola suke ce masa. A shekarun farko sun sha kashi har sun saba. Malaman makaranta su ci su, akawunan En'e su ci su, waɗanda rabinsu tumbi ya hana su gudu. Daga baya abin ya juya. Suka ɗauki kofin lardi, suka je Gombe da Azare suka dawo ana yi musu kiɗa, kuma duk wannan babu wanda ya taɓa sa takalmi a ƙafarsa.

Bana aka gayyace su gasar Jihar Arewa, abin da suka daɗe suna mafarki. Sai dai an gindaya sharaɗi: duk ƙungiyar da ta zo ba takalmi, an ba wata gurbinta. Alhaji Jalo, ɗan kasuwar da ke shugabantar ƙungiyar, ya aika Ikko aka sayo, aka yi wata da watanni kafin su iso. Wasan farko ranar Asabar ne a Jos, motar kuma za ta tashi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci.

"Wannan fa?" Sufeto ya nuna mutumin da aka riƙe.

"Obadiya kafinta. Shi ke riƙe da makullin sito."

"Ku sake shi. Kofur Sabitu, zaunar da shi a bayan kanta. Alhaji, mu je in gani."

Siton wani ɗan ɗaki ne na kwano a gefen fili. Kwaɗon ƙofar lafiyarsa lau, ba a taɓa shi da guduma ba. A ciki ga sababbin ƙwallaye a raga, ga riguna a jere, ga famfon hura ƙwallo. Akwatin takalma kaɗai aka bari wayam.

"Ɓarawon kirki ne wannan," in ji Sabitu. "Ya bar abin da zai sayu a kasuwa, ya ɗauki wanda duk garin nan za a gane."

Mika'ilu ya duba ƙasa. A bayan ƙofa buhun farar ƙasar da ake zana layin fili ya zube, wani kuma ya taka ta. Sawun ƙafar dama ne, mai faɗi, babban yatsan ya karkace waje ya rabu da 'yan'uwansa.

Ya san wannan yatsa. Ya yi shekaru yana tsaye a raga yana kallon abin da yake yi wa gololin wasu. Yatsan Hammawa ne, kyaftin ɗin ƙungiyar, abokinsa tun suna makarantar allo, mutumin da in ya ɗauki ƙwallo mata kan leƙo ta kan katanga.

Sufeto ya ɗaga ƙafarsa ya ɗora takalminsa na aiki a kan sawun, ya murza.

"Akwai wani abu a nan, ranka ya daɗe?" in ji Sabitu.

"Babu komai."

Kofur ya dubi farar ƙasar da ta ɓata takalmin maigidansa, ya kawar da kai. Wannan kawar da kai ya fi mari ciwo, kuma Mika'ilu ya ji shi har cikin ƙashinsa.

Da suka koma ofis ya zauna gaban Obadiya.

"Ina makullin?"

Obadiya ya jawo igiya daga wuyansa ya nuna.

"Wa ka ba aro?"

"Ban ba kowa ba, ranka ya daɗe."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko wanka da shi nake yi."

"To kwaɗon ya buɗe kansa ke nan?"

Obadiya ya sunkuyar da kai. Ƙarya yake yi, kuma bai iya ta ba, don gumi har ya jiƙa ragowar taguwarsa. Sufeto ya san tambayar da ta kamata ta biyo baya, amma ya kasa yin ta. Ya ce a rufe shi, gobe a ci gaba. A waje jama'a suka ji an rufe kafinta, suka watse suna cewa dama sun faɗa.

Washegari Alhamis wata mata ta zo da kwanon abinci a ɗaure. Christiana ce, matar Obadiya. Ta ajiye kwanon a kan kantar ofis, ta tsaya a gaban teburin Sufeto ba tare da an ce ta matso ba.

"Ranka ya daɗe, mijina ba zai faɗa ba, ni zan faɗa. Ranar Talata da la'asar Kyaftin ya zo shago ya karɓi makulli, wai zai hura ƙwallo. Sai da aka kira magariba ya dawo da shi."

"Me ya sa mijinki ya ɓoye?"

"Lokacin da muka zo garin nan babu wanda ya yarda ya ba mu ɗaki. Kyaftin ne ya tsaya mana, shi ya kai shi ƙungiya. Mijina ya ce gara a ɗaure shi da ya kira sunansa." Ta dubi Sufeto ido cikin ido. "Ni dai ba a tsaya mini da in yi zaman gwauruwa ba. Kuma ai kana wurin ranar da Kyaftin ya faɗi a fili."

Yana wurin. Makon jiya aka gwada takalman karo na farko, rabin gari ya zo kallo. Samarin ƙungiyar sun ɗan yi tuntuɓe suka saba. Hammawa kuwa, da ya doshi shekara arba'in, karkataccen yatsansa ya ƙi zama a cikin fata. Aka ba shi ƙwallo gaban raga, ya ɗaga ƙafa, ƙusoshin takalmin suka kama ƙasa, ya zube rub da ciki. Filin ya ɗauki dariya. Wani daga kan ganuwa ya ce a kawo wa tsoho sanda.

Sufeto ya sa hularsa ya nufi gidan Hammawa shi kaɗai. Ya yi sallama a zaure, Bintu matar gidan ta amsa daga bayan asabari.

"Sannu da zuwa, Gola. Ai ba ya nan."

"Ina ya je?"

"Miri, wajen shanun Baffa. Tun ranar Talata da safe."

"Da me ya tafi?"

"Da kekensa mana."

Keken yana jingine a cikin zauren, kusa da gwiwar Mika'ilu. Ya dube shi, ya dubi asabarin. Matar da ya sha cin tuwonta ce take yi masa ƙarya, shi kuma yana neman dalilin da zai sa ya yarda.

"To, a gaishe shi in ya dawo," ya ce, ya fita da sauri kamar shi ne mai laifin.

Ranar Juma'a da safe wani marini mai suna Bakari ya zo ofis yana faɗa tun daga bakin ƙofa. Ya ce an lalata masa rijiyar baba da yake rini da ita a karofi, ya yi kwanaki yana haɗa ta. Ya zura sandarsa zai motsa, sai ya ji ta ci karo da wani abu. Ya kwance wani tsumma a kan kantar ofis, takalmin ƙwallo ya faɗo, shuɗi shar, yana ɗigar ruwa.

Suka je karofin. Aka tsamo buhu mai nauyi da dutse a ciki, bakinsa ya kwance, takalman sun watse a gindin rijiyar. Wani baduku da aka kira ya ɗauki ɗaya ya ja, tafin ya rabu da fatar kamar ganyen da ya sha tafasa.

"Ruwan toka ya cinye ɗinkin," in ji shi. "Ko mako aka ba ni ba za su tashi ba."

"Ga wani abin kuma," in ji Bakari. Ya nuna bakin rijiyar, inda shatin hannuwa ya bushe a kan daɓe. "Wanda ya jefa buhun ya dawo ya yi ta lalube zai ciro. Ba marini ba ne, marini ba ya zura hannu har kafaɗa. Duk inda yake, baba na jikinsa, kuma sabulu ba zai fid da shi ba."

Wannan karon Sabitu bai kawar da kai ba.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "kafinta ya kwana biyu a rufe."

"Na sani, Kofur. Aika a sake shi. Kai kuma biyo ni."

Bayan an sauko Juma'a suka isa gidan Hammawa. Mika'ilu bai yi doguwar sallama ba.

"Bintu, ce masa ya fito. In bai fito ba zan shigo, kuma ba na so in keta gidan nan."

Can sai ga Hammawa, cikin riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi, ya naɗe hannuwansa a ƙirji.

"Yaushe ka dawo daga Miri?"

"Ɗazu."

"Shanun suna lafiya?"

"Lafiya."

"Ba ka zo masallaci ba."

"Jikina ne babu daɗi."

"Naɗe hannun rigarka, Hammawa."

Kyaftin ya dube shi, ya dubi Kofur. Sannan ya zauna a kan dakali ya janye hannun rigar. Tun daga farce har sama da gwiwar hannu shuɗi ne, fatar ta yi ja a wuraren da ya yi ta gurzawa da dutse.

"Me ya sa?" in ji Mika'ilu.

"Ka ji dariyar da suka yi."

"Na ji."

"Yaran da na koya wa tsayar da ƙwallo, Gola. Har da su. Na ce in a gida aka yi mini haka, a Jos fa? Na ɗauka in babu takalman, Alhaji zai roƙi alfarma a bar mu mu buga yadda muka saba. Wasa ɗaya kawai nake so in buga a gasar nan da ƙafata, in ya so in ajiye."

"An gaya maka sharaɗin."

"An gaya mini. Ban yarda za su kore mu don fata ba. Da na ji Alhaji ya buga waya an ce babu alfarma, na koma zan ciro. Hannuna bai kai ba."

"Da ka zo ka gaya mini ranar Laraba, da wataƙila an cece su."

"Da wane ido?"

"Obadiya fa? An yaga masa riga a tsakiyar kasuwa, ya kwana a rufe yana ɓoye sunanka."

Nan ne Hammawa ya rufe fuskarsa da shuɗin hannuwansa. Kafaɗunsa suka yi ta girgiza. A bayan asabari Bintu ma kuka take yi.

"Ni na yi," ya ce. "Rubuta. Ni kaɗai."

"Ba kai kaɗai ka bar shi a rufe ba," in ji Mika'ilu. "Na ga sawunka a sito tun ranar farko, na taka shi. Kofur shaida ne, kuma zan faɗa wa na sama da bakina. Tashi mu je."

Sabitu ya ciro ankwa. Sufeto ya so ya ce a bari, sai ya tuna kafinta bai sami wannan alfarmar ba, ya ƙyale shi. Ƙarfen ya rufe a kan shuɗin hannu.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Hammawa. "Kada ka bi da ni ta fili."

"Dole in gaya wa Alhaji. Suna can suna jiranka."

Motar Jos tana tsaye a bakin fili, injinta na aiki. 'Yan wasan sun sa sababbin rigunansu sun zauna a baya, ƙafafunsu na lilo ba takalmi, don har lokacin suna sa rai 'yan sanda za su zo musu da albishir. Makaɗa sun zo, mata sun kawo guzuri. Da aka hango Hammawa tafe tare da Sufeto, sai fili ya ɗauki tafi. Wani ya diro ya buɗe masa ƙofar gaba, wurin zaman kyaftin.

Suka matso. Na gaba suka fara ganin ankwar, sannan hannuwan. Tafin ya mutu daga gaba zuwa baya, kalangu ɗaya ya ci gaba shi kaɗai na ɗan lokaci kafin mai shi ya lura. Babu wanda ya yi zagi, kuma Mika'ilu ya so a ce sun zaga, da ya fi sauƙi.

Alhaji Jalo ya tako har gabansu.

"Sufeto, an samu takalman?"

"An samu, Alhaji. A rijiyar baba. Ba za su sawu ba."

Alhaji ya daɗe yana kallon hannuwan Hammawa, shi kuwa Hammawa ƙasa yake kallo. Sannan tsohon ya juya ya je wajen direba, ya dafa ƙofar motar.

"Kashe ta," ya ce. "Yara, ku sauko."