Tabarau Ɗaya a Saman Bene

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu a birnin Hamburg na ƙasar Jamus. Yarinyar kirki ce, sai dai ba ta son a ce ba ta gane ba.

Ran nan Malama Brodersen ta shigo aji da ƙwallo da lemo da tocila. Ta ce yau da magariba za a yi husufin wata. Yarinyar kuwa hankalinta yana kan taga, tana kallon wani jirgin ruwa. Guntu-guntu take jin bayanin. Ta ji an ce inuwa. Ta ji an ce ja. Ta ji an ce, "Yana lalata ido, sai da tabarau na musamman."

"Akwai mai tambaya?" in ji Malama.

Yarinyar ta duba dama, ta duba hagu. Ba wanda ya ɗaga hannu. Ita ma ta yi shiru.

A gida ta tarar da Kaka Wiebke tana zuba shayi a filas. Ƙanen yarinyar, Fiete, yana cin biredin kirfa. Mama ba ta dawo daga aiki ba.

"Jikalle, yau sai saman bene," in ji Kaka. "Na daɗe ina jiran wannan rana. Me malamarku ta ce?"

"Ta ce duk wanda ya kalla da idonsa zai makance."

Kaka ta ajiye filas. Bara aka yi mata aikin ido, tana lallaɓa shi kamar ƙwai.

"Anya? Wata fa? Ina yarinya mun kalla, ba abin da ya same mu."

"Malama ce ta faɗa," in ji yarinyar da ƙarfi. A zuciyarta kuwa ba ta tabbata ba.

"To, ilimi ya ci gaba," in ji Kaka.

Kaka ta birkice durowa, ta samo wani tsohon tabarau na kwali, wanda aka saya shekarun baya don husufin rana. Guda ɗaya ne, su kuwa su uku.

Da magariba suka hau saman bene. Maƙwabta sun cika wurin da barguna da kujeru. Su uku suka shigo kai a sunkuye, kowa yana kallon takalminsa.

Kaka ce ta fara sa tabarau. Ta ɗaga kai.

"Ba na ganin komai."

"Juya nan, Kaka."

"Nan ma duhu ne. Ko an fasa?"

Fiete ya karɓa. "Ni ma baƙi ƙirin nake gani. Yaya, watan ya mutu ne?"

Yarinyar ta sa. Ba wata, ba gidaje, ko hannunta ba ta gani. Ta ɗan leƙa ta ƙarƙashin tabaran, ta hango wani jan abu can wajen tashar jiragen ruwa. Jan abin ya mutu, ya kama, ya sake mutuwa. Wata yana ƙiftawa? Ko idonta ne ya fara lalacewa? Ashe fitilar saman wani dogon injin ɗaga kaya ce.

Sai ta ji mutane suna cewa, "Kai! Dubi!" Ta waiga. Kowa ya ɗaga kai, ba mai tabarau ko ɗaya.

"Ku rufe idanunku!" ta yi ihu. "Za ku makance!"

Malam Hinrichs, maƙwabcinsu mai ƙaton gashin baki, ya dube ta.

"Ke 'yar nan, wa zai makance? Tun ɗazu nake kallo, ga shi har miyar da ke rigar ƙanenki ina gani."

Aka kwashe da dariya. Fiete dai kalmar makanta kawai ya ji. Ya shige cikin rigar sanyin Kaka, ya fashe da kuka.

Ana cikin haka Mama ta hauro, tana haki. Ta ga Kaka a sunkuye, ga Fiete yana kuka.

"Lafiya? Me ya faru?"

Kaka ta ba ta labari. Mama ta durƙusa gaban 'yarta.

"Faɗa mini gaskiya. Haka Malama ta ce?"

Yarinyar ta fara hawaye. "Ban ji duka ba, Mama. Na ji kunyar tambaya."

"Husufin rana ne ke lalata ido," in ji Mama. "Wata ba shi da wutar kansa. Yau duniya ce ta shiga tsakaninsa da rana, inuwarta ta rufe shi. Ku ɗaga kai."

Suka ɗaga kai. Amma wani ƙaton gajimare ya riga su. Ya rufe watan ruf.

Kaka ta zauna a kujera, ta ɗora hannuwa a gwiwa. Ganin ta haka ya fi faɗa zafi a wurin yarinyar.

"Kaka, ki yafe mini. Ni na jawo."

"Zo nan, jikalle. Zauna mu jira. Ba a san abin da iska za ta yi ba."

Suka sha shayi. Sanyi ya ƙaru. Wasu maƙwabta suka naɗe barguna suka sauka.

Can sai Fiete ya yi tsalle. "Ga shi! Ga shi!"

Gajimaren ya yage. Wata ya fito a saman hasumiyar coci, ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Kaka ta riƙe hannun jikarta gam, tana murmushi.

"Yanzu kin gane?" in ji Mama.

"Saura abu ɗaya. Me ya sa ya yi ja, bai yi baƙi ba?"

Mama ta yi dariya. "Wannan kam ni ma ban sani ba. Gobe ki tambayo mana Malama."

Daga ranar yarinyar ta koyi darasi. Cewa "ban gane ba" ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne mutum ya faɗi abin da bai sani ba kamar ya sani. Matambayi ba ya ɓata.