Kabarin da ke Bayan Dalolin Bajarawiya

Ƙazafi mugun abu ne, kuma mafi muninsa shi ne wanda mutum zai ɗauko gaskiya ya yanke mata rabi ya kai wa mutane. Ku saurari abin da ya sami Badamasi a birnin Riyad, shekara guda kafin yaƙi ya ɓarke a Sudan.

A gidan tarihi na Al-Murabba Mujtaba ya fara ganin Rufaida. Direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya, ya kawo baƙi yana jiransu. Ya ji wata budurwa tana faɗa wa ƙawarta magana da Larabci, ta rufe da "wallahi kuwa". Ya juyo.

"Ashe 'yar gida ce."

"Hausata kaɗan ce," in ji ta, tana gyara mayafi.

"Kaɗan ɗin ta ishe ni."

Bai yi wasa ba. Cikin mako biyu ya je unguwar Al-Jaradiya ya gaida mahaifinta, Alhaji Lado, tela, dattijo mai zafin rai. Alhaji ya ba shi izinin zuwa zance a falo, ya ce sauran magana sai ya ga halinsa.

A falon nan Rufaida ta ba shi labarin da ke cin mahaifinta. Yana ɗan shekara bakwai iyayensa suka taso daga Damagaram da ƙafa za su hajji. A Sudan mahaifinsa, Malam Inuwa, ya kwanta ya rasu, aka binne shi, ayari ya wuce. Sunan garin ya ɓace wa Alhaji. Abin da kawai yake tunawa, wasu gine-ginen dutse masu tsini a cikin jan rairayi, kusa da hanyar jirgin ƙasa.

"Duk Juma'a sai ya yi zancen, Nurul ƙalbi. Shekara hamsin da biyar bai san inda zai tsaya ya yi wa babansa sallama ba."

Wani ɗan Sudan abokin aikin Mujtaba na jin kwatancen ya ce ai dalolin Bajarawiya ne, maƙabartar sarakunan Kush na dā. Da hutunsa ya zo, Mujtaba ya nemi kafilinsa, wato ubangidansa na aiki, ya yi masa takardar fita da dawowa, ya tafi. Ba su gaya wa Alhaji ba, gudun kada a tayar masa da rai a banza.

Daga can ya rubuto mata:

"Tauraruwata, na iso. Dalolin sun fi talatin a gabana, da yawa kawunansu a karye. A bangon ɗakunan da ke jikinsu an sassaƙa sarakuna, har da mata masu mulki. Ba kowa sai masu raƙuma da iska. Yanzu zan shiga ƙauyuka in yi tambaya."

Ta amsa: "Allah ya tsare min kai. Ka sha ruwa da yawa."

Kwana huɗu yana yawo. A na biyar ya aiko da kalma biyu: "Na samu."

Da ya dawo Riyad, murna ta sa ya tura wa abokin ɗakinsa Badamasi hotunan, ya ba shi labari duka. Bai san Badamasi ya taɓa neman Rufaida ta ƙi shi ba. Washegari, Mujtaba na wurin aiki, Badamasi ya zaɓi hoto ɗaya, ya yanke gefensa, ya nufi shagon Alhaji. A hoton ga Mujtaba durƙushe, hannuwansa biyu cikin ƙasa, ga dalolin a bayansa.

"Baba, ban so in faɗa ba. Maƙabartar arna ya je ya ɗebo ƙasar kabari. Ba ka ga yadda yarinyar nan ba ta jin maganar kowa sai tasa ba?"

Fushi bai bar Alhaji ya gane gine-ginen da yake tunawa ba. Duk Bahaushe ya san abin da ake yi da ƙasar kabari. Kuma duk wanda ya zauna a Saudiyya ya san abin da hukuma ke yi wa wanda aka kama da sihiri.

Da la'asar saƙon Rufaida ya shigo wa Mujtaba:

"Kada ka zo. Baba ya ce gobe da safe zai kai ka wurin hukuma. Na gaya masa gaskiya, na rantse masa, ya ce rantsuwar wadda aka asirce ba rantsuwa ba ce. Yanzu zai karɓe wayar. Ka ɓuya, don Allah."

Bai ɓuya ba. Ya ɗauki wani ƙunshi ya tafi shagon. Ya tarar da Alhaji da mutane huɗu, Badamasi na cikinsu.

"Kada ka tako min shago!"

"To, Baba, daga nan bakin ƙofa. Minti ɗaya ka ba ni, sannan ni da kaina zan tuƙa ka zuwa hukumar."

"Kada ka saurare shi, Baba," in ji Badamasi. "A bakinsu abin yake."

Mujtaba bai dube shi ba. Ya ɗaga wayarsa ya danna. Muryar wata tsohuwa ta fito tana rawa.

"Ɗanlele, kai ne? Ni ce Delu, wadda ta goya ka ranar da ƙaya ta shige maka ƙafa. Mu ba mu ƙarasa ba, a nan muka zauna. Kabarin Malam yana nan bayan ƙauye, duk shekara muna gyara shi. Ga gafakarsa da innarka ta bar mana. Yaron nan da ka aiko mai ladabi ne."

Almakashi ya faɗi daga hannun Alhaji. Tun rasuwar mahaifiyarsa ba wanda ya kira shi Ɗanlele. Ya miƙa hannu, Mujtaba ya ba shi ƙunshin. Tsohuwar gafaka ce, fatar ta bushe, a ciki ga sunan Inuwa da rubutun ajami. Sannan ya nuna masa hoton cikakke: kabari ne na Musulmi, Mujtaba yana mayar masa da duwatsunsa, tsohuwa na tsaye a gefe.

Alhaji ya ƙura wa hoton ido. Da ya ɗago, sai ya dubi Badamasi.

"Ka ga wannan tsohuwar a hoton kafin ka yanke?"

Badamasi ya sunkuyar da kai.

"Fita. Kai kuma, ɗana, shigo ka zauna."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a Al-Jaradiya. Alhaji ya dafa kawunansu ya ce Allah ya ba su 'ya'yan da za su neme su kamar yadda aka nemo masa ubansa. Sati na zagayowa su ukun suka sauka Bajarawiya. Rufaida ta tsaya gaban dalolin ta riƙe hannun mijinta, Alhaji kuwa ko kallonsu bai yi ba, ya wuce bayan ƙauye da sauri kamar yaro.

Shi kuwa Badamasi, ga abin da ƙazafinsa ya jawo masa. Ya rasa abokin da ke dafa masa abinci idan ya kwanta ciwo. Ya rasa mazauninsa a majalisar Hausawan unguwa. Gida biyu ya je neman aure daga baya, duk aka ce a tambayi Alhaji Lado halinsa, bai koma ba. Yarinyar kuma da ya yi abin dominta, ko sunansa ba ta ƙara ambata ba.