Kwamfuta a Tankin Kifi

Ihun da Dinatu ta ƙwalla ranar, har masu suyar awara a bakin titin Samaru sai da suka waiwayo.

Laftof ɗinta ta kawo gyara. Aka nuna mata wani ɗan shago a bayan masu fotokofi, aka ce ta nemi Sati. Tana ɗaga labule ta ga abin da ko a mafarki bai taɓa zo mata ba. Wani dogon saurayi ya naɗe hannun riga, yana riƙe da kayan cikin kwamfuta, koren allon nan da masu gyara ke kira bod, yana nutsar da shi a hankali cikin tankin gilashi cike da ruwa. Jajayen kifaye na kewaya yatsunsa. Ga waya ta fito daga allon ta nufi bango.

"Wayyo Allahna! Malam, mutuwa za ka yi!"

Ta yar da jaka, ta cafke wuyan hannunsa da hannu bibbiyu ta fizgo. Ruwa ya fallatso musu a fuska.

"Baiwar Allah, ai ban kunna ba tukuna," in ji shi.

"Au, da kunnawa za ka yi? A cikin ruwa? Lafiyarka ƙalau kuwa?"

"Da safe dai ƙalau nake." Ya sunkuyar da kai ya dubi hannunsa da har yanzu ba ta saki ba. "Yanzu ne ban sani ba."

Ta sake shi da sauri, kunya ta rufe ta.

Ba banza ta tsorata ba. Mahaifinta, Baba Ishaya, tsohon ma'aikacin wutar lantarki ne, kuma ƙanensa Bitrus jiƙaƙƙiyar wayar wuta ce ta kashe shi wata damina, a gaban idonsa. Tun daga nan, a gidansu na Unguwar Gabas, kowane makunni akwai ɗan tawul rataye a gefensa. Ko ƙwan fitila za ka kunna, sai ka goge hannu. Da wannan Dinatu ta tashi.

Sati ya jawo mata kujera ya yi mata bayani. Ajin ƙarshe yake a jami'a, a fannin injiniya, wannan kuma firojek ɗinsa ne. Zafin bazara na kashe wa mutane kwamfuta, fanka ta gaji ta tsaya. Shi ne ya ce bari ya lulluɓe kowane lungu na allon da abin da ruwa ba ya ratsawa, ya bar ruwan ya riƙa kwashe zafin. Kifayen kuwa shaidu ne: muddin suna iyo lafiya, to ruwan bai yi zafi ba, ba guba a ciki, ba wuta a ciki.

"In kuma suka mutu fa?"

"Sai in san na faɗi jarrabawa."

"Kai kuma in ka mutu fa?"

Ya dube ta. Tun da ya fara aikin nan, masu dariya ya gani da masu ɗaukar bidiyo. Ba wanda ya taɓa tambayarsa wannan.

Laftof dai ta gyaru a yini guda, amma Dinatu ta yi ta samun dalilin komawa. Yau caja, gobe linzamin kwamfuta, jibi ta zo duba kifi. Ranar da ya kunna kwamfutar a gabanta, ta rufe ido da tafin hannu tana leƙe ta tsakanin yatsu. Allon talabijin da ya haɗa da ita ya kawo haske, kifaye suka ci gaba da harkarsu. Bakinta ya kasa rufuwa.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Mai Cetona, kin isa gida lafiya? Kifaye sun ƙi cin abinci tun da kika tafi. Ni ma haka."

Ta amsa tana danne dariya a bayan Keke Napep:

"Injiniyan Ruwa, kifi ba ya kewar mutum. Ka ci abinci. Kuma ka goge hannu kafin ka taɓa soket, don Allah."

"Na goge. Na sayi tawul saboda ke. Ina son ki, Dinatu, ban iya ɓoye shi ba."

Ta karanta ya fi a ƙirga, ta rungume wayar a ƙirji har ta wuce layinsu ba ta sani ba.

Ana cikin wannan daɗi sai ga Lovelyn, ƙawarta mai shagon kayan kwalliya a kasuwar Sabon Gari, ta zo har gida tana haki.

"Ƙawata, zauna tukuna. Wannan Satin naki yana da ƙanwa a Zariya?"

"Ba shi da ita."

"To wa yake saya wa jan farce? Ba ɗaya ba, ba biyu ba, kwali guda! Kuma mai tsadar yake zaɓa, har yana ɗagawa a rana yana dubawa. Ke kuma ga farcenki nan fari fat. Abeg, ki buɗe ido!"

Duniya ta juya wa Dinatu. Ko mayafi ba ta daidaita ba ta hau motar Samaru, tana hawaye tana shirya maganganun da za ta faɗa masa. Ta banka labulen shagon.

"Sati, wace ce ita?"

Ya ɗago a firgice. A hannunsa na dama ɗan burushin jan farce, a gabansa sabon bod, a gefe kwalabe jere, duk marasa launi. Yana bin ƙananan ƙafafun ƙarfen allon ɗaya bayan ɗaya yana shafa musu, harshe a waje don tsabar natsuwa.

"Wa fa?"

Ta dubi kwalaben, ta dubi allon. "Kwamfuta kake yi wa kwalliya?"

"Maganin asali na hana ruwa ratsawa ba a samunsa a nan. Wannan nake fara shafawa, ya bushe, in ƙara, sannan in bi da gam ɗin silikon. Wurin da ke yin zafi sosai kaɗai nake bari da murfinsa na ƙarfe." Sai ya lura da idanunta. "Tsaya, kuka kika yi? Kishi kike da bod?"

Ta zauna daɓas tana dariya da hawaye a haɗe. "Wallahi sai na kashe Lovelyn."

Wannan ta wuce da sauƙi. Ta Baba ce ba ta wuce ba.

Wani ɗan cocinsu ne ya nuna masa bidiyon tankin a waya bayan an tashi sujada. Baba Ishaya ya dawo gida bai ko cire hula ba.

"Mamana, wannan ne yaron da kike so ya turo magabatansa? Mai zuba wa wuta ruwa da gangan?"

"Baba, ya san aikinsa."

"Bitrus ma ya san aikinsa!" in ji shi. "Ga Kingsley mai kemis yana ta aiko da gaisuwa, aikinsa busasshe, a inuwa. Ni ba zan kai ki gidan da zan riƙa jiran waya a ce in zo in ɗauki gawa ba. Mutumin da ba ya tsoron wuta, ba ni ba shi."

Dinatu ta daina cin abinci sosai. Ta rubuta wa Sati:

"Baba ya ƙi. Ya ce ba ka da tsoro. Ni kuma ba wanda nake so sai kai."

Ya amsa:

"Kar ki yi masa gardama, Mai Cetona, ƙaunarki ce ta sa. Ki roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, ko da zagina zai yi."

Sai da mahaifiyarta ta sa baki kafin Baba ya yarda. Ranar Asabar da hantsi ya saka tsohon takalminsa na roba, ya soke testarsa ta gwada wuta a aljihun gaba, suka nufi Samaru shi da 'yarsa.

A lokacin kwamfutar ta yi makonni tana aiki cikin ruwa ba tsayawa. Sharaɗin da malamin Sati ya kafa ke nan: ta yi ta aiki har ranar baje kolin ɗalibai, Litinin mai zuwa. In ta mutu ko sau ɗaya, gwajin ya rushe, sai a faro daga farko. Dinatu ta san haka, don har batiri ya haɗa wa kwamfutar saboda ɗaukewar wuta.

Sati ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Baba bai amsa da kyau ba, idonsa na kan tankin, ya ja baya kamar ya ga maciji.

"Baba, wutar gari ba ta shiga ruwan," in ji Sati. "Ga akwatin da ke karɓarta can sama, a bushe. Abin da ke sauka ƙasa bai fi na batirin mota ba."

Baba ya tsoma bakin testa a ruwa. Ba ta kawo haske ba. Ya sake tsomawa. Shiru.

"Testa ma tana ƙarya," ya ce. "Tashi mu tafi, Mamana."

Nan zuciyar Dinatu ta tsinke. Ta ga aurenta na fita ta ƙofa. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta ture hannun rigarta.

"Baba, duba ka gani!"

Ta miƙa hannu za ta tsoma.

"Dinatu!"

Ba Baba ne ya yi ihun ba. Sati ne. Da hannu ɗaya ya cafke wuyan hannunta, da ɗayan ya fizge wayar batiri da ta bango gaba ɗaya. Allon talabijin ya yi baƙi. Shagon ya yi tsit, sai kifaye ke motsi.

"Ka kashe ta!" Dinatu ta dafe kai. "Sati, baje kolin! Ai kai kullum kana sa hannu a ciki!"

"Wannan hannuna ne." Jikinsa rawa yake, gumi na zuba. "Na yarda da aikina, amma hannu ne ya shafa jan farcen nan, hannu kuma yana mantuwa. In akwai ƙafar ƙarfe ɗaya da na tsallake fa? Gwaji zan sake. Ke a ina zan sake samo ki?"

Baba Ishaya ya daɗe a tsaye yana kallon baƙin allon, yana kallon yaron da ke rawar jiki. Sannan ya lura da wani abu a bango: ɗan tawul rataye a ƙusa, daf da soket.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ita ce, Baba."

Tsohon ya zare tawul ɗin, ya goge idonsa da shi, bai damu da wa ke kallo ba.

"Ashe kana da tsoro," ya ce a hankali. "Ka ce wa iyayenka ina jiransu."

Sati bai shiga baje kolin ba. Ya sake gwajin daga farko, ya kammala bayan abokansa, bai taɓa cewa ya yi da-na-sani ba.

Bayan Kirsimeti aka ɗaura auren a cocinsu na Sabon Gari, zumuntar mata suka cika wurin da kiɗa da guɗa. Lovelyn ce babbar ƙawa, tana ta gaya wa jama'a cewa da kayan shagonta aka gina auren nan. Farcen amarya kuwa sai ƙyalli yake, kowa na tambayar wa ya yi mata. Ta dai yi murmushi ta saci kallon ango.

Da aka kai ta ɗakinta a Samaru, tankin na falo, kwamfutar na aiki a cikinsa tana nuna hotunan biki. Baba Ishaya ya ƙi zama sai da ya nemi guduma. Da hannunsa ya kafa ƙusa a gefen tankin, ya rataya sabon tawul, sannan ya ɗora tafukansa a kawunansu.

"Ubangiji ya tsare ku daga ruwa, ya tsare ku daga wuta, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Ku riƙa riƙe hannun juna kamar yadda na gani."

"Amin, Baba," suka amsa tare, hannunta cikin nasa.