Jarumin da Bai Iya Cewa A'a Ba

"Wannan babin ƙarya ne, Badi'a. Kar ki tura shi!"

Yaya Zinnira ta miƙo min wayata tana taɓe baki. Ita ke fara karanta duk abin da na rubuta kafin na saka a zaurenmu na WhatsApp, kuma bakinta ba shi da linzami.

"Ina ƙaryar take, Yaya?"

"Babi talatin kina nuna mana Muntari ko hula ba ya saye sai ya tambayi uwarsa. Yau rana tsaka ya miƙe ya ce mata ko ta so ko ta ƙi sai ya auri Furera? Wane Muntarin? Ko yaro ya san ke kika cusa masa maganar a baki."

Ita labari take gyarawa, ni kuwa rayuwata take karanta min.

Muntari ba kowa ba ne face Hambali, malamin firamare a Gwarzo, wanda aka sa mana rana bayan babbar sallah. Halinsa kaf na kwashe na zuba a labarin, har yadda yake rusunawa in Innarsa ta kira shi a waya, ko a bakin titi ne. Shi ya sa masu karatu ke cewa kamar sun san shi.

Mako guda ke nan da aka tsegunta wa Innar cewa ina rubutu. Ta ce ba ta son surukar da za ta riƙa tallan sirrin gida a waya. Hambali ya ce in kwantar da hankalina, zai lallashe ta.

"To ki gyara min mana..." na ce. "Ki nuna min yadda zai ce a'a, mutane su yarda."

Ta kalle ni, sai na ga jikinta ya yi sanyi. Ta gane.

"Ƙanwata... sai dai ki koma babi na ɗaya ki sake wani mutumin."

Bayan la'asar na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Duk garinmu Kabo ba wanda ya fi ni sanin kukan babur ɗin nan. Na fito zaure na tarar da Hambali.

Ya rame. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba.

"Sanyin idona..."

"Dakata tukuna. Me Inna ta ce?"

"Wallahi na yi ƙoƙari. Har Lakwaya na je na ɗauko Kawu Ya'u ya roƙe ta."

"Me ta ce?"

"Ta ce... a fasa."

Na dafa bango. "Kai kuma me ka ce?"

"Badi'a, uwa ce fa..."

"Me ka ce mata, Hambali?!"

Hawaye suka gangaro masa. "Na ce to."

Abin da ya fi ci min rai, ko kaɗan ban yi mamaki ba. Na so in tsane shi, na kasa, don wannan biyayyar ce ta sa na fara son sa.

"Ki yafe min, don Allah."

"Na yafe," na ce, ina danne kuka. "Ka tafi kafin magariba, kar Inna ta neme ka."